Masu Kallon Tsuntsu a Bakin Dam

Iskar watan Maris a duwatsun arewa maso yammacin Ingila ba ta jin kunyar kowa. Duk da haka, da sassafe za ka tarar da jama'a a bakin dam ɗin Haweswater, wanda ke shayar da birnin Manchesta, kowa da madubin hangen nesa a wuya, hanci na yoyo, wai kallon tsuntsu aka zo.

Akwai mai littafi. Shi suna yake farauta. Da ya hango tsuntsu sai ya rubuta, ya juya baya. Ko tsuntsun ya tashi da ƙafa sama, ba ruwansa, an riga an shigar da shi lissafi.

Sai mai kaya, wanda bakin kyamararsa ya kai turmi. Ya kafa ƙafafunta uku, iska ta tuntsurar, ya sake kafawa. Kafin ya gama daidaitawa, agwagwar da yake hari ta nutse ta ɓullo a can tsallake.

Malam Na-sani kuwa, duk ɗigon da ya gilma a sama yana da suna a bakinsa. "Shaho ne wancan!" Hankaka ne. In ka faɗa masa, sai ya ce ai iska ce ta ɓata masa tashi.

Wanda ban iya yi wa dariya sosai shi ne tsohon da ke jiran gaggafa. A 1969 gaggafa ta fara sheƙa a kwarin Riggindale da ke gefen dam ɗin. Mace ta ƙarshe ta ɓace a 2004, namijin ya zauna shi kaɗai, kowace shekara yana shawagin neman aure, babu mai amsawa, har shi ma aka daina ganinsa a 2016. Tsohon ya san duk wannan, ya fi ka sani. Amma dai idonsa na kan dutsen.

Akwai kuma matar da aka jawo dole. Tana cikin mota da shayinta, ta rufe gilashi. Ita ce za ta leƙo ta ce, "Wai mene ne wancan ɗan ƙaramin a kan ruwa?" Tsattsewa ce ta farko a bana, ta ƙetaro Sahara daga nan yankinmu na Sahel. Nan take maza su ruɗe, littafi ya faɗi, kyamara ta sake tuntsurewa.

In Allah ya kai ka wurin, sa rigar sanyi biyu, ka tsaya kusa da motar nan.