Ragon Da Ya Yi Ƙiba A Cikin Waya

Allah bai halicci rago murabba'i ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Talata Mafara ranar kasuwa ya san daga hanci zuwa wutsiya ya fi daga ƙofato zuwa doro. Kawuna ma ya sani, shi da ya tsufa a kiwon turke. Amma gab da Babbar Sallah sai ya ga shafin wani mai sayar da shadda a Instagram, hotuna jere reras, kowanne faɗinsa daidai da tsayinsa, ya ce haka yake son ragunansa su fito a manhajar da na yi masa alkawari.

Alkawarin ya samo asali ne daga ranar da aka ga na sauke Android Studio a wata kwamfuta ta hannu da na sayo a Gusau. Tun daga nan sunana a gida ya koma Injiniya, kuma wanda ake kira Injiniya ba ya cewa abu ya gagara. Na so in gaya wa Kawu cewa su kansu masu Instagram, da suka tilasta wa duniya hoto murabba'i tun 2010, sun sassauta a 2015. Ya ce shi bai sassauta ba.

Rigimar farko gurbin hoton ne. Na ce wa manhaja kowane gurbi ya zama fiksal 300 a faɗi, 300 a tsayi, biyu-biyu a layi. A wayata mai faɗin fiksal 1080 ragunan suka takure a gefe guda, suka bar filin da zai ɗauki saniya. A 'yar wayar Kawu mai faɗin 480 kuwa, 600 ba ta shiga 480 ko da roƙo, sai rago na biyu ya fice ta gefen allo, aka bar mu da ƙafafunsa na baya. Maganin yana cikin tsarin shimfiɗar da Google ya fito da shi a 2016: ka bar faɗi ya ɗauki rabin allo ko nawa ne, ka rubuta tsayi sifili, sannan ka ɗaure su da ƙa'idar 1:1. Sifilin nan ba ya nufin babu. Umarni ne cewa tsayi ya yi shiru ya bi abin da faɗi ya ce. Da na yi wa Kawu bayani sai ya ce in dai tsayin ragonsa ne sifili, to kuɗin datar da nake karɓa ma sifili ne.

Gurbi dai ya zauna, a kowace waya. A nan ne Android ya miƙo mini zaɓi, domin kyamarar waya tana ɗaukar hoto a kan 4:3, gurbina kuma 1:1 ne. Ko a ja hoton har ya cika gurbi, ko a cika gurbi da tsakiyarsa a datse abin da ya yi saura, ko a sa shi dukansa a bar sarari. Na zaɓi na farko, don shi kaɗai ne babu asara a cikinsa, kuma ni jikan 'yan kasuwa ne.

Ga abin da lissafi ya yi mana. Akwai wani ɗan Yankasa a turken Kawu, mai cin dusa kamar da gayya amma ba ta nuna a jikinsa. Yaron da ya ɗauke shi hoto ya riƙe wayar a tsaye, faɗi uku tsayi huɗu. Da aka ja ukun nan ta koma huɗu, ragon ya samu ƙarin kashi ɗaya cikin uku na jiki ba tare da ya ci ko damin harawa ba. Shi kuwa Balamin da Kawu ke taƙama da shi, fari sol, dogo, dole aka kwantar da waya kafin ya shiga hoto. Huɗunsa aka matse ta koma uku. Ya fito siriri, ƙafafu zaƙo-zaƙo, kamar karen farauta da ya kwana biyu a daji.

Ba wanda ya tambayi Balami. Ɗan Yankasa kuwa waya ta yi ta ruri a kansa, har wani Alhaji ya taso takanas daga Bakura da mota da igiya da kuɗinsa a aljihu. Ya shiga gidan, aka gaisa, ya duba turke daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ina ragon?"

"Ga shi gabanka, Alhaji," in ji Kawu.

Alhaji ya dubi waya, ya dubi rago, ya sake duban waya. Ya zagaya ta baya ya taɓa gadon bayansa, yatsunsa suka ƙirga ƙasusuwa.

"Wanga ƙanenai na. Ku hiddo man babban."

Na matso na fara bayanin 4:3 da 1:1. Alhaji ya saurare ni da ladabi har na dire, sannan ya ce ya shekara yana hulɗa da dillalai, ya ga masu ɗura wa rago ruwan gishiri da kanwa don cikinsa ya tashi, amma yau ya ga wanda ya yi algus da lissafi. Ya nemi kuɗin mansa. Kawu ya biya, idonsa a kaina.

Daren nan na koma zaɓi na biyu. Shi ba ya ƙara wa kowa ƙiba, siffa tana nan yadda Allah ya yi ta, sai dai daga hoton kwance yana yanke kashi ɗaya cikin takwas ta hagu, ɗaya cikin takwas ta dama. A hoton shadda wannan ba komai ba ne, shadda ko'ina shadda ce. A hoton rago kuwa, hagu nan kai yake, dama nan wutsiya take. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Wani Uda da ya motsa lokacin ɗauka, mai baƙin gaba da farin baya, ya fito kusan fari duka, ba kai.

Surukin Kawu na Maradun ya nuna wa malaminsu Balami, malam ya ce ragon da aka guntule wa wutsiya ba ya layya, magana kuma ta fara yawo cewa turken Kawu nakasassu ne. Ni aka tura. Na hau acaɓa, muka ratsa gonakin shinkafar Bakolori, na isa zaure na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, wutsiyar tana nan lafiya lau."

"To tana ina?"

"Tana bayan gefen allo."

"Ɗana, abin da ke bayan allo gaibu ne. Ni ba a sayar mini da gaibu."

Almajirai suka ƙyalƙyale. Na buɗe masa asalin hoton, ya ga wutsiya har gwiwa, ya yi hamdala, ya tambayi wanda ya yanke ta a wancan. Na ce Android. Ya ce a gaya masa ya ji tsoron Allah.

Zaɓi na uku bai daɗe ba. Rago ya fito cikakke amma ƙarami, da farin sarari sama da ƙasa, Kawu ya ce ba zai sayi data don mutane su kalli fili ba.

Saura hanya guda: a sake ɗauka. Kyamarar wayar tana da wurin da ake mayar da ita 1:1 tun daga farko, sai mai ɗauka ya ja da baya har kai da wutsiya su shiga. Na kwance Balami don ya tsaya a tsakiyar gida, na fara ja da baya ina duban allo. A al'adar raguna, wanda ya fuskance ka yana ja da baya shirin karo yake yi. Shi ma ya ja da baya. Na ga yana ƙanƙancewa a allo, na ce madalla, ya fahimci aikin. Sai na ga yana girma da sauri. Hoton da wayar ta ɗauka kafin in tsinci kaina a kwanon dusa murabba'i ne sak, goshi ne daga gefe zuwa gefe.

Wannan hoton Kawu ya sa a ɗora, kuma da shi aka sayar da Balami kafin Talata ta zagayo, domin mai saye ya ce ragon da ke da wannan goshin ba ya buƙatar shaida.

Ina kwance ana gasa mini ƙugu sai ga Kawu ya shigo da sabuwar babbar riga da hula, ya kori yara, ya rage murya.

"Injiniya, abin nan da ya sa ɗan Yankasa ƙiba, ka goge shi?"

"Yana nan, Kawu. Layi ɗaya ne."

"To tashi ka ɗauke ni. Ka riƙe wayar a tsaye. Akwai wata bazawara a Bakura da ta ce a aiko mata hotona."