Baƙin Quito, Kowa da Halinsa

Quito, babban birnin Ekwado, yana can kan tsaunukan Andes, mita 2,850 sama da teku. Iskar garin ba ta cika huhu, shi ya sa kwana ɗaya ya isa halin ɗan yawon buɗe ido ya fito fili.

Akwai Ƙi-faɗi. An ce ya huta ranar da ya sauka, ya sha ruwa, ya yi tafiyar hawainiya. Ya ce shi fa ɗan motsa jiki ne. Gari na wayewa ya faɗa motar igiya ta TelefériQo, mai haurawa da mutane jikin dutsen Pichincha, wajen mita 4,000. Ko minti goma bai yi a sama ba, ga shi zaune dirshan yana haki kamar ɗan damben da ya sha kashi, wai kallon gari yake yi.

Malam Gardama ya fi kowa ba ni dariya. A arewacin birnin akwai hasumiyar Mitad del Mundo, wato Tsakiyar Duniya, da wani layi rawaya da aka ce shi ya raba duniya gida biyu. Jama'a na ta ɗaukar hoto, ƙafa ɗaya a kudu, ɗaya a arewa. Sai gogan ya zaro waya, ya yi gyaran murya, ya sanar cewa ainihin layin yana gaba da kimanin mita 240. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ba mai iya ƙaryata shi, ba kuma mai son zama kusa da shi a mota. Amma da an shiga gidan tarihin Intiñan, inda ake tsayar da ƙwai a kan ƙusa, shi ne zai yi rabin awa a durƙushe yana lallashin ƙwai, don a ba shi takardar shaida.

Ita kuwa Hajiya Nawa-ne, tun da ta ji cewa dalar Amurka ake kashewa a ƙasar tun shekarar 2000, lissafi bai bar bakinta ba. Ta ɗauki malfar nan da ake kira Panama, mai kaya ya gaya mata da alfahari cewa a Ekwado ake saƙa ta. Ta ce ashe ma jabu ce, a rage mata.

Sarkin Hoto ya zagaye tsohon garin da UNESCO ta karrama a 1978, har dutsen El Panecillo, amma duk baya yake ba su, yana ɗaukar kansa hoto.

Sai Me-aka-sa-ciki. Tun da ya ga an gasa cuy, wata dabba mai kama da gafiya, da kai da haƙora, ya koma biskit. Ban ga laifinsa ba a kan hornado, don gasasshen alade ne. Amma har locro, miyar dankalin turawa da cuku, sai ya juya cokali yana bincike. Idan tafiya ta haɗa ku, zauna kusa da shi a wurin cin abinci, kwanonsa naka ne.