Irin Mutanen da Baƙon Mai Wa'azi ke Tararwa a Sansanin Matasa

Shekarun baya, tun hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Buruku da Udawa ba ta zama abin fargaba ba, wata ekklesiya a ƙasar Birnin Gwari ta aiko mini da takardar gayyata, wai in zo in yi wa matasanta wa'azi na kwana huɗu a sansanin da suka saba yi cikin hutun Disamba, bayan masara ta shiga rumbu. Na shafe mako guda ina tattara hujjoji, na cika littafin rubutu fal, na hau mota ina ƙiyasta cewa ni ne ginshiƙin taron. Da na sauka a makarantar firamaren da suka aro, inda aka jingine bencuna aka shimfiɗa tabarmi, wanda ya fara tarbata bai tambayi ko taken wa'azina ba, abin da ya so ya sani shi ne ko na zo da bokitin wankana.

Wannan shi ne Mai Usur, hafsan 'yan Birged, kuma ko wane sansani yana da irinsa guda ɗaya, don biyu ba za su zauna lafiya a fili ɗaya ba. Ƙungiyar tasu William Smith ne ya kafa ta a birnin Gilasgo a 1883 domin koya wa yara ladabi da horo, amma na tabbata ko shi marigayin da ya ga yadda wannan bawan Allah yake busa usur da ƙarfe biyar na asuba, cikin hunturun da ke gangarowa daga kogin Mariga, alhali ruwan randa ya yi sanyin da hannu ke ƙin taɓa shi, da ya roƙa wa yaran sassauci. A shari'arsa babu bambanci tsakanin yaro da mai furfura. Ranar farko ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Baba Fasto, barka da asuba, saura minti uku," kana ya tsaya a bakin ƙofar yana duban agogo har na fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Da aka zauna sujada sai na haɗu da Magajin Aftikos. Masu karatun Ayyukan Manzanni sun san cewa a sura ta 20 an ba da labarin wani saurayi mai suna Aftikos a Taruwasa wanda barci ya kwashe shi yana zaune a taga, Bulus yana ta jan magana har tsakar dare, ya faɗo daga bene na uku. To, zuriyarsa ba ta ƙare ba, illa dai ta ƙara hikima, gama na Birnin Gwari ba ya kusantar taga. Yakan zaɓi sahu na biyu daidai gaban mai wa'azi, ya buɗe Littafi Mai Tsarki a cinya, ya dafe goshi da hannu kamar wanda ya nutse cikin tafakkuri, sa'an nan kansa ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa a hankali, har na yi kwana biyu ina murna cewa na sami wanda ke gaskata kowace hujja da na kawo. Asirinsa ya tonu ne ranar da na tambayi jama'a ko akwai wanda yake so ya halaka, shi kuwa ya farka a firgice ya amsa da "Amin!" mai ƙarfin gaske. Ban tsawata masa ba, domin na tuna ko Bulus bai yi wa nasa faɗa ba, rungumarsa ya yi, kuma duk mai adalci ya san inda rabin laifin yake.

Masu hadda kuwa kashi biyu ne. Akwai yarinyar da ta miƙe ranar gasar haddar aya ta kama Zabura 119, mai ayoyi 176, ta bi ta tiryan-tiryan ba gargada, har alƙalan gasa suka fara duban juna saboda tuwo yana hucewa. Ita ce kuma wadda, in mai wa'azi ya yi tuntuɓe ya ce aya ta sha shida a maimakon ta sha bakwai, za ta ɗaga hannu cikin tawali'u ta ce, "Baba, a gafarce ni," wanda a kunnen mai wa'azi ya fi tsawa firgitarwa. Akwai kuma ƙanenta a fagen ilimi, wanda ya yi bincike mai zurfi har ya gano cewa Yahaya 11:35 gajeriya ce ƙwarai, ya riƙe ta shekara uku yana cin gasa da ita, ko dai yana sa ran ci.

Mai Mas'ala ba ya barci, ba ya hadda, jira yake a buɗe filin tambayoyi. Ko an yi darasi a kan haƙuri, ko a kan baiko, fatawarsa guda ce, watau ina Kayinu ya samo mata. Na ba shi amsa, ya yi godiya, ya rubuta. Dattijon ekklesiya ya raɗa mini cewa ni ne baƙo na biyar da ya amsa masa, kuma yana adana amsoshin ne domin ya gwama mu.

Ba zan daɗe a kan Sarkin Kwano ba, wanda ya zo da kwanon da ya isa wankan jariri, ya san lokacin sauke tukunya fiye da masu dafa ta, kuma cikin mu'ujizai duka babu wadda ta taɓa zuciyarsa kamar ta gurasa biyar da kifi biyu, musamman batun kwanduna goma sha biyu da suka ragu. Haka kuma Mai Tuba Kullum, wanda duk kiran da aka yi daga bagade sai ya fito da hawaye, har ranar da aka ce mai tocilan ɗin da aka tsinta ya zo gaba ya taso yana sheshsheƙa.

Amma Ɗan Rijiya ya cancanci a tsaya a kansa. Saurayi ne wanda uwarsa ta shaida cewa a gida ko buta ba ya ɗagawa, sai ga shi a sansani ya zama bawan kowa, tun asuba yana bakin rijiya yana ja wa 'yan mata guga, yana ɗora musu bokiti a ka, yana tambayar kowace daga wace ekklesiya ta zo. Ya karanta Littafin Farawa da idon basira, ya lura cewa a bakin rijiya aka samo wa Ishaku Rifkatu, a bakin rijiya kuma Yakubu ya fara ganin Rahila, saboda haka ya yanke hukunci cewa sunna ce ta kakanni. Abin da ya tsallake shi ne shekara goma sha huɗu da Yakubu ya yi yana kiwo a gidan Laban. Na tuna masa, ya ce, "Baba, ai wancan Tsohon Alkawari ne."

Akwai kuma Ɗan Birni, wanda aka turo daga Kaduna ya ga dangi, ya ji an ce gandun dajin Kamuku yana kusa, wanda aka keɓe tun 1936 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999, kuma wai akwai giwaye da gwanki da gogo a cikinsa. Tun daga nan duk motsin da ya ji da dare giwa ce, ko da kuwa akuyar mai gadi ce ke sosa jiki da ƙyaure. Yaran Gbagyi da na Kamukawa, waɗanda suka tashi suna bin iyayensu gona a gefen dajin, suka same shi abin nishaɗi, suka koya masa cewa in ya hau suri wayarsa za ta kama, suka ɓoye masa cewa surin yana da masu shi.

Saura mutum guda, kuma adalci ya wajabta in ambace shi, shi ne Baƙon Mai Wa'azi. Yakan zo da babbar riga da guga mai kaifi, a ba shi ɗaki shi kaɗai da katifa da cinyar kaza, ya hau bagade ya ce "daga ƙarshe" sau uku kafin ƙarshen ya zo, ya kawo kalmar Helenanci ga yaran da suka kwana a tabarma. Ranar da iyaye suka zo aka haɗa ni da tafinta mai juya maganata zuwa Gbagyi. Na yi jimla mai tsawon zango, ya faɗi kalma huɗu, jama'a suka gyaɗa kai, na yi gajeriyar magana, ya yi minti biyu yana bayani har tsofaffi suna share hawaye. Har yau ina zaton wa'azinsa ya fi nawa, don da aka tashi shi aka fi yi wa sannu da aiki. A bayan ajin kuwa, inda hayaƙi ke tashi, matan ƙungiyar Zumunta ta ekklesiya huɗu ne suka kwana huɗu suna tuƙa tuwon masara na mutum fiye da ɗari da itacen da suka ɗauko a ka, ba a sa sunansu a takardar shiri ba, kuma babbarsu ta ce mini ba ta ji ko ɗaya daga cikin darussana ba, amma ta ji an ce na yi ƙoƙari.

Daga baya hanyar ta lalace da 'yan bindiga, ƙauyuka da yawa suka watse, takardar gayyata ta daina zuwa. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, motoci suka koma bin hanyar. In har dattawan ekklesiyar nan sun ga wannan rubutu, kuma sansanin ya sake tsayawa, ina roƙo a sake kirana. Zan zo da bokitina, na kuma yi alkawarin ba zan wuce minti talatin ba.