Ƙofar Bas Mai Cin Fenti da Jama'arta

Duk wanda ya saba hawa bas daga Jahun zuwa Dutse ta Kiyawa, ko ya bi ta Gujungu ya nufi Kano ko Haɗeja, ya san ƙarar nan: ƙiiii, sannan garam. Ƙofar gefe ce, wadda ake zugewa, take kartar jikin mota kafin ta yarda ta rufu. In ka zagaya ƙarƙashin tagar baya za ka ga aikinta, dogon zane miƙe a kan fenti, da fari fari ne, daga baya ya koma ja don tsatsa ta samu masauki. Hiace ce, tsohuwar C20 ce, Sienna ce, ciwon ɗaya ne.

Kuma ciwon ba wani babba ba ne. Ƙofar a kan 'yan tayoyi take tafiya a wuri uku, kanikawa na ce musu rola: ta sama, ta ƙasa wajen matakala, da ta tsakiya mai bin dogon ƙarfen da ke jikin motar ta waje. Kowace da boris ɗinta. Yashi ya shiga, boris ya ci kansa, ko noti ya saki, sai ƙofa ta ɗan sunkuya, bakinta ya fara taɓa bodi. A wanke hanyar, a sauya rolar da ta mutu, a daidaita ƙofar a ɗaure, an gama. Aikin ba ya cin yini. Amma kafin mota ta kai hannun wanda zai yi haka, sai ta ratsa ta hannun mutane iri-iri, kowa da abin da yake so ƙofar ta zama.

Na farko shi ne mai motar, Alhajin da ya sayar da shinkafar rani ya tafi Kano ya sayo bas 'yar Baljiyam. Ranar ciniki ya yi tambayar da ta kamata, ya ce, "Akwai garanti?" Dillali ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, ni ne garanti." Alhaji ya ji daɗi, don a ganinsa mutum mai rai ya fi takarda. Abin da ba a gaya masa ba shi ne garantin kamfani na sabuwar mota ne, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Bas ɗin Alhaji kuwa ta cinye wannan ta ƙara da ninkinsa tun tana jigilar kaya a Turai, kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Legas ko Kwatano. Duk da haka rasit na nan a aljihunsa na ciki, a naɗe cikin leda. A ƙasan rasit ɗin an rubuta da ƙananan haruffa na Turanci cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Alhaji bai taɓa ba kowa ya karanta masa wannan layin ba, kuma duk wanda ya gwada sai ya ce masa ɗan hassada.

Shi kuwa dillali, wayarsa ce ke da yanayi. Kafin a biya kuɗi, ba ta gama ƙara ta farko ya ɗauka: "Ranka ya daɗe, yanzu nake zancenka." Bayan an biya, sabis ya lalace a duk unguwar da yake. In an dace ya ɗauka, yana wajen jana'iza, cikin raɗa. In aka sake kira, ya tafi Kwatano. Ran da Alhaji ya ritsa shi ido da ido, sai ya zagaya motar yana girgiza kai, ya shafa zanen da yatsa, ya ce, "Wallahi lokacin da ta bar hannuna ko ƙuda bai taɓa ta ba. Hanyarku ce, Alhaji." Ka faɗa wa mutumin Jigawa hanyarsa ce ta lalata mota, ka taɓo inda yake masa ciwo, shi da yake tinƙaho da titunan jiharsa. Da dillali ya ga fuska ta canza sai ya koma kan ruwa: ai ambaliyar 2022 ta ɓata motoci da yawa a wajenku. Ko da a 2024 aka sayi motar, ambaliyar 2022 ce.

Direba bai san da wata ƙara ba. Ka ce masa, "Oga, ƙofar nan tana gogar jiki," sai ya ƙara wa rediyo murya ya ce, "Wace?" Ba kurma ba ne, lissafi yake. Yinin da mota za ta yi a gareji yini ne babu lodi, balas ɗin Alhaji kuma ba ya jin uzuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ya rage bayan gidan mai bai isa a yi wa ƙofa gata ba. A wurinsa mota abu uku ce, inji da taya da burki, sauran duk ado ne. Idan ƙofa ta ƙi zama sam, yana da igiya a ƙarƙashin kujera, ko wani yankin tsohon tif, ya ɗaure ta da ƙarfen kujera ya ce a yi bisimilla.

Wanda ƙofar ta fi yi wa rana shi ne kwandasta, kuma a kansa ya kamata a tsaya. Yaron nan ya san ƙofar fiye da wanda ya ƙera ta. Ya san sai an sa gwiwa a ɗan ɗaga ta daga ƙasa, a ja ta rabi a tsaya, a tura da kafaɗa, sannan a ba ta mari ɗaya da tafin hannu daidai wajen mariƙi, kana ta ce ƙas ta shige. Duba kafaɗar rigarsa ta dama, za ka ga baƙin layi da wanki ya gaji da shi. Duba tafinsa, ya yi kanta. Yana yin wannan aiki ne mota na tafiya, ƙafa ɗaya a matakala, kuɗi a saƙale tsakanin yatsu, baki na kiran "Gujungu, Gujungu, mutum ɗaya." In dattijo ya kai hannu zai taimaka, sai ya ce, "Baba, bari kawai, ba ta san ka ba." Kuma gaskiya ya faɗa.

To wannan yaro ba ya son a gyara ƙofar nan, kada ya ruɗe ka da ƙorafin da yake yi a gaban Alhaji. Muddin shi kaɗai ke iya rufe ta, direba ba zai kore shi ba, ko ya yi ɓatan kai da canjin fasinja. Ran da ya yi fushi ya ƙi fitowa, za a ga direba da ɗan kamasho da wani mai shayi sun taru a kan ƙofa ɗaya suna gumi, fasinjoji na ciki suna ba da shawara. Kafin azahar an aika gidansu a ba shi haƙuri. Ni dai ban ga laifinsa ba. Kowa da abin da yake riƙe aikinsa da shi, wani takardar digiri, wani kawu a ma'aikata, shi kuma rolar da ta mutu.

Fasinjoji ma kashi-kashi ne. Akwai mai ƙarfi, wanda ya yi imani duk abin da ya ƙi rufuwa bai ji jiki ba ne, sai ya ja da baya ya maka ƙofar har gilasai su amsa. Akwai injiniyan kujerar baya, wanda bai taɓa riƙe sifana ba amma daga jin ƙara ya gano shasi ne ya karkace, don wansa na da irinta a Legas. Kafin a kai Kiyawa ya samu abokin gardama, wanda ya rantse boris ne, su yi ta yi har a manta da ƙofar a koma kan siyasa. Akwai Inna, wadda duk jan da aka yi sai ta toshe kunne ta ce, "Salati, ɗan nan a hankali, ba mu yi sallama da gida ba." Akwai mai zuwa ɗaurin aure da farar shadda sabuwa fil, wanda ya zaɓi kujerar bakin ƙofa don kada a yamutsa masa guga, ya sauka da tambarin baƙin mai daga hannun riga har cinya. Sai kuma wanda ba ya cewa komai, mai buhunan riɗi ko kwandunan busasshen kifin Haɗeja, da ɗan kamasho ya cusa masa su suka jingina da ƙofar ta ciki. Shi ne ya fi kowa hannu a ɓarnar, don nauyin nan ne ke tura ƙofa waje a kowane rami, amma ba a taɓa kiran sunansa a shari'ar ba.

Ran da ƙarar ta ishi Alhaji aka kai mota gareji, nan ake haɗuwa da manyan. Mai guduma ba ya tambaya. Ya ga ƙofa na taɓa bodi, to bodi ne ya tare mata hanya, sai ya lotsa shi ciki ya ba ta wuri. Ƙara ta ɗauke, ƙofa na nan a sunkuye, mota kuma ta samu sabon kumatu. Mai baƙin mai ya fi shi tausayi: ya ɗebo wanda aka juye daga wani inji ya tuttula a hanyar ƙofa, ta yi santsi kamar an sa wa tuwo miyar kuɓewa, kowa ya yi murna. Kwana kaɗan ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama wani kwaɓi mai yashi, ya cinye abin da ya rage na boris ɗin. Mai fenti zai rufe zanen tsaf ya karɓi kuɗinsa, washegari ƙofa ta sake rubuta shi a daidai inda yake. Mai walda kuwa, in ka bar shi da ita, zai liƙe duk abin da ke motsi. Shi ne ma ake kai wa motocin da suka zo da sitiyari a dama daga Japan, waɗanda ƙofarsu ke hagu. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, don haka irin wannan mota a tsakiyar titi take sauke fasinja, sai dai a yanke ƙofar a mayar ɗaya gefen. Ƙofar da aka yi wa wannan ƙaura, wanda ya ce maka zai daidaita ta har abada, riƙe kuɗinka.

Sai babban makaniki, mai "sai an je Ƙofar Ruwa". Zai jero maka kaya aji uku, orijinal da ɗan Baljiyam da ɗan Chana, ya ba ka shawarar na farko, ya karɓi kuɗin na farko, har da kuɗin motar yaro zuwa Kano. Abin da zai dawo a leda, Allah kaɗai ya san ajinsa. Shi ma yana ba da garanti: "In ta sake yi, Alhaji, ka dawo da ita." Ka dawo da ita kuwa, zai karɓe ka da fara'a, ya nuna maka cewa wannan wata rolar ce daban.

Ana cikin haka ɗan Alhaji da ya dawo hutu daga jami'a zai sa baki. Ya san akwai dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 da hukumar tarayya da ke kula da ita, ya ce a rubuta takardar ƙorafi. Ya kuma gani a waya cewa a Jamus da Ingila mutane na sayen irin wannan bas su sa mata gado da murhu su riƙa yawon shaƙatawa, in ƙofa ta ɗan karci fenti su mayar wa kamfani ya gyara ya sake fenti kyauta. Gaskiya ne, amma sabuwa suka saya, da takardar da ke ɗauke da sunansu. Aka tambaye shi sunan wa za a rubuta a ƙorafin, sai aka tarar dillalin ma laƙabinsa kawai aka sani.

Malamin da aka tambaya ya fi ɗan Alhaji kusa da ƙasa. Ya ce a fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda yake a babin ciniki na Risala, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Alhaji ya gyara zama. Sai Malam ya ƙara da tambaya: "Bayan ka ga aibin, ka ci gaba da amfani da ita?" Motar da ta yi wata da watanni tana zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Alhaji ya ce a bar maganar. A ƙarshe shugabannin tasha ne za su zaunar da kowa a benci, a yi sulhu, dillali ya ɗauki rabin kuɗin gyara saboda zumunci, ya biya rabin rabin, sauran sai ya dawo daga Kwatano.

Akwai lokacin da abin ke daina ba da dariya. Irin wannan bas ake tasowa da dare daga Aujara ko Harbo idan haihuwa ta zo da gardama, saboda faɗin ƙofar na ba da damar a shigar da mace a kwance. Asibitin Jahun ake nufa, inda ƙungiyar likitocin MSF ke aikin kula da masu haihuwa tun 2008. A irin wannan dare ba a son ƙofar da sai mutum ɗaya ya san sirrinta, shi kuma yana gida yana barci.

Wanda ke gyara ta da gaske yana nan a kowane gareji, sai dai ba a cika lura da shi ba. Galibi wani dattijo ne mara surutu, ko yaron da ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin mota. Zai sa a tallafe ƙofar, ya kwance rola ya juya ta a kunnensa ya ji yashin da ke ciki, ya wanke hanyar da kananzir da tsohon buroshi har ƙarfe ya fito, ya sa sabuwa, ya shafa giris kaɗan. Sannan ya sassauta noti ya riƙa ɗaga ƙofar yana rufewa yana duba tazarar da ke tsakaninta da bodi sama da ƙasa, sai ta yi daidai ya ɗaure. Zanen kuma ya ce a kankare tsatsar kafin a sa fenti. Da ya faɗi kuɗinsa Alhaji zai ce ya yi tsada, don bai ji an buga guduma ko sau ɗaya ba. Kwandasta kuwa ba zai gaishe shi ba har sati.

Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kama ka daga tashar Jahun, bar wa kwandasta ƙofarsa, janye yatsunka daga bakinta, kuma in farin yadi ka sa, nemi kujerar tsakiya.