Rabe-raben 'Yan Kallon Fim ɗin Kishiya a Ƙasar Gumel

Daga cikin jigogin da masu shirya fina-finai suka fi yawan komawa gare su, a Amurka ne ko a Indiya ko a Kano, akwai labarin magidancin da zaman aure ya fara gundurarsa har idonsa ya faɗa kan wata mace, sai labarin ya tsaya a kan mutum uku kamar yadda tukunya take tsayawa a kan duwatsun murhu, wato miji da mata da wadda ta shigo tsakani. A Amurka fitaccen misali shi ne The Seven Year Itch na Billy Wilder, wanda ya fito a 1955, inda wani ma'aikacin kamfanin buga littattafai ya tura matarsa da ɗansa hutu, sannan ya shiga saƙe-saƙen zuci a kan wata budurwa da ta sauka a saman benen gidansu, wadda Marilyn Monroe ta fito a matsayinta. A Indiya kuwa B. R. Chopra ya fitar da Pati Patni Aur Woh a 1978, inda Sanjeev Kumar ya fito a matsayin magidancin da ya shara wa sakatariyarsa ƙaryar cewa matarsa tana kwance da ciwon ajali, domin tausayi ya buɗe masa ƙofar da soyayya ta ƙi buɗewa. Dukansu na ban dariya ne, kuma dariyar ta ginu ne a kan sharaɗi guda, shi ne doka ta hana waɗannan mazan haɗa mata biyu, har ma a Indiya an rubuta haramcin a dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955, saboda haka babu abin da ya rage musu sai ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Wannan sharaɗi bai iso masarautar Gumel ba, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, wadda kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. A nan addini ya halatta mata huɗu, al'ada kuma ta tanadi har da kayan faɗar kishiya, wato kyautar tufafi da kuɗi da miji yake ba uwargida kafin ya sanar da ita zai ƙaro mata abokiyar zama. Don haka lokacin da masana'antar fim ta Kano ta kafu, daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya na 1999, kuma ta ari salon Indiya, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa soyayyar mutum uku da auren dole da rawa da waƙa su ne ginshiƙansa, sai ta uku ta daina zama sirrin da ake ɓoyewa a ofis, ta zama amarya mai jiran ranar tarewa. Sakamakon haka ɗan kallo a ƙasar Gumel ba ya zama gaban talabijin domin ya ga ko asirin miji zai tonu. Yana zama ne a matsayin alƙali, shari'ar da yake yankewa kuma ta gidansa ce, ko da yake sunayen masu ƙara na aro ne.

Na farko a cikin waɗannan alƙalai shi ne mai fatawa, wanda ba ya wuce minti goma da fara fim ɗin Indiya sai ya gano maganin matsalar da marubucin ya tanadi awa uku domin warware ta. Da zarar jarumi ya kalli sakatariya sau biyu, sai mai fatawa ya gyara zama ya tambayi jama'a abin da ya hana bawan Allah nan ya tura magabatansa a yanka masa sadaki. Idan aka bayyana masa cewa dokar ƙasarsu ce ta hana, yakan girgiza kai cikin tausayi na gaskiya, ya ci gaba da kallon ragowar fim ɗin a matsayin labarin wani mutum da gwamnati ta zalunta. Dariyar da Chopra ya shirya takan wuce shi gaba ɗaya, amma yakan tashi da ƙarin godiya ga Allah da ya sa aka haife shi a Gagarawa.

Na kusa da shi a aƙida, ko da yake ya fi shi wayo nesa ba kusa ba, shi ne magidanci mai neman hujja. Ana ganin irinsa da yawa bayan kaka, lokacin da aka casa riɗi aka tsinke zoɓo aka kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, aljihu ya yi nauyi, zuciya kuma ta fara tuna cewa akwai wani ɗaki a gidan da aka cika da buhuna ba bisa ƙa'ida ba. Shi wannan ba ya iya buɗe baki ya gaya wa uwargida abin da ke ransa, sai ya wakilta fim. Yakan zaɓi wanda aka nuna kishiyoyi suna cin tuwo a kwano ɗaya suna kiran juna Yaya da Ƙanwata, ya sa a tayar da janareta alhali a sauran ranaku kukan tsadar fetur yake yi, ya zauna a inda idonsa ɗaya zai kasance a kan talabijin ɗaya kuma a kan fuskar matarsa. A duk wurin da uwargidan fim ta yi haƙuri yakan ce "Allah Sarki, mace ta gari," da muryar da aka auna ta isa tabarmar da ke gefensa. Babban haɗarin wannan dabara shi ne masu shirya fim ba su cika barin zaman lafiya ya kai ƙarshe ba, domin zaman lafiya ba ya sayar da faifai, saboda haka kafin a kai rabi an tafi wurin boka, an barbaɗa magani a miya, shi kuma mai neman hujja ya tuna cewa man janareta ya kusa ƙarewa. Fim ɗin da ya fi so a zuciyarsa shi ne Wasila na shekarar 2000, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayin mijin da matarsa ta ci amanarsa, domin yana cikin 'yan kaɗan da namiji zai kalla daga farko har ƙarshe ba tare da an harare shi ba.

Ita kuwa uwargida ta gane manufar tun daga ƙarar janareta, kuma makaminta shi ne habaici, wato maganar da ake jefa wa wani a zahiri alhali wani ake nufi, ta yadda wanda aka nufa ba shi da damar ramawa sai ya amsa cewa da shi ake. Ba ta taɓa juyowa ta kalli maigida. Da jarumin fim take magana, tana kiransa da sunan da ya fito da shi, tana tambayarsa ko ya manta shekarun da aka sha kunu ba sukari tare da shi, da ranar da aka sayar da akuyar gado aka biya masa bashin taki, bayanan da babu ko ɗaya daga cikinsu a labarin da ake kallo. Idan aka ba ta zaɓi, Alhaki Kuykuyo Ne take nema, wanda aka ɗauko daga littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, labarin Rabi mai 'ya'ya tara da Alhaji Abdu ya kora saboda ya auro Delu, daga baya kantinsa ya ƙone ya dawo yana neman sulhu. Wurin gobarar nan takan nemi a mayar mata da shi baya, ba don mugunta ba, a cewarta, sai don yara su ɗauki darasi, ko da yake yaran sun yi barci tun bayan sallar isha'i. Daga cikin dukkan 'yan kallo ita ce ta fi fahimtar fasahar fim, domin ita kaɗai ta san cewa kowane zance yana da mai shi.

Amarya ba ta da tsayayyen ra'ayi, kuma bai kamata a zarge ta ba. A shekararta ta farko tana bayan ta uku a kowane fim, tana ganin uwayen gida sun cika ƙorafi, tana kuma jin daɗin zama mowa, wato matar da miji ya fi so, kishiyar bora wadda aka juya wa baya. Ranar da ta lura maigida ya fara rina gemu yana dawowa daga Maigatari da turaren da bai shigo da shi ɗakinta ba, sai ta matso da kujerarta kusa da ta uwargida ta ce, "Yaya, ashe gaskiyarki ce, namiji ba ɗan goyo ba ne."

Akwai kuma mijin-ta-ce, wanda ba ya dariya sai ya ga matarsa ta dara.

A gidan kallo, wato rumfa ko shagon da ake biyan kuɗi a shiga a kalli fim ko ƙwallo, sarauta a da ta tafinta ce. Tun zamanin da 'yan kasuwa 'yan Labanan suka riƙa shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na Kano, abin da Brian Larkin ya yi nazari a kansa a wata maƙala ta 1997, kowace unguwa tana da mutumin da bai taɓa taka ko filin jirgin sama ba amma yana fassara Indiyanci ba gargada, yana ƙara wa jarumi maganganun da suka fi na asali ma'ana, wani lokaci har da karin maganar Mangawan ƙasar Gumel. Zuwan fina-finan fassara, irin waɗanda kamfanin Algaita yake ɗora wa muryar Hausa, ya tuɓe masa rawani, amma bai bar fada ba. Yanzu aikinsa shi ne gyara wa masu fassarar, yana rantsuwa cewa ba haka aka faɗa a na asali ba, kuma babu mai iya ƙaryata shi tunda babu wanda ya fi shi rashin jin harshen da ƙarfin hali. Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda ya riga ya kalla, wanda yake sanar da saki tun ana ɗaurin aure.

Dillalin kara, wato mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwar dabbobi domin ya karɓi la'ada, yana kallon fim ɗin soyayya ne da idon ciniki. Kasuwar Maigatari da ke bakin iyaka, wadda fatake daga Damagaram da sauran sassan Nijar suke cika ta da shanu da raƙuma da awaki, ta koya masa cewa babu abin da ba shi da farashi, saboda haka hawayen jaruma ba sa taɓa shi. Abin da yake lissafawa shi ne akwatunan lefe da kujerun falo da motar da aka kai amarya, yana mayar da su bijimai, wani lokaci ya juya su zuwa sefa domin amfanin baƙon da ke gefensa. Hukuncinsa a ƙarshe bai cika sauyawa ba: mijin ya yi asara, domin ya saki wadda ya san halinta ya sayi wadda bai duba haƙoranta ba. Wannan magana ba ta da ladabi, kuma ba ya maimaita ta a gida.

Tsohuwa, musamman uwar miji, ba ta yarda da bambanci tsakanin ɗan wasa da rawar da ya taka ba. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin muguwar suruka ko kishiya mai makirci kafin rasuwarta a 2024, kuma ta sha tsinuwa daga bakin tsofaffin da, in da za a bi diddigi, da yawansu sun fi ta iya sana'ar ba tare da an biya su ba. Irin wannan tsohuwa takan yi mamakin yaron da aka yi wa jana'iza a fim ɗin makon jiya yau kuma ga shi yana neman aure, ta kammala da cewa 'yan birni ba su da ta ido. Idan fim ya nuna suruka tana zuga ɗanta ya ƙara aure, nan ne kaɗai take yin shiru, ta ce a bar baiwar Allah ta faɗi hujjarta.

Mai ƙyamar fim ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kowa ilmin abin da yake ƙi. A majalisa yakan yi dogon bayani cewa fina-finan nan sun lalata tarbiyya, sun koya wa mata yaji, wato barin gidan miji cikin fushi har sai an je biko, kamar dai kafin 1990 babu matar da ta taɓa ɗaure kayanta a ƙasar Hausa. Yana yaba wa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, yana kuma ganin ta yi sassauci. Sai dai idan gardama ta kaure a kan wace jaruma ce ta yi aure a wace shekara, ko wane ne ya fito mijin wa a wane fim, shi ake tambaya, kuma amsarsa ba ta kuskure. Bayaninsa shi ne yara ne suke kunnawa yana wucewa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, shi kaɗai ya samu sassauci a wurinsa, bisa hujjar cewa barkwanci ba soyayya ba ne, ko da yake faɗan miji da mata bai taɓa yin ƙaranci a barkwancin nasa ba.

Tuzuru, wato namijin da ya wuce lokacin aure bai taɓa yi ba, shi ne babban masanin zaman aure a kowane gidan kallo, musamman idan ya yi zango biyu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya ji darasin halayyar ɗan Adam. Ya san inda mijin ya kuskure da abin da ya kamata matar ta ce, yana kuma da tsarin rabon kwana da zai hana kowace mace kishi, wanda ya rage kawai a samu wadda za a gwada shi a kanta.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wayoyin hannu kuma suka yawaita, kallo ya ragu a rumfa ya koma tafin hannu, sai wani sabon nau'i ya bayyana wanda ba ɗan kallo ba ne sosai, wato mai cajin waya da tura fina-finai a bakin tasha. Shi ba ya yanke wa kowa hukunci, domin aikinsa ya wadatar da shi da sani: ya san Alhajin da ya aiko a tura masa fina-finan kishiyoyi masu zaman lafiya har guda uku a mako ɗaya, ya san gidan da aka aiko neman wanda kishiya ta haukace a ƙarshe, kuma yakan haɗa lissafin kafin liman ya samu goron gayyata. Da yake riƙe sirri ba ya cikin sharuɗɗan sana'ar, uwayen gida da dama a Sule Tankarkar da Gumel sun fi samun labarin ranar ɗaurin aure daga bakin yaron da suka aika karɓo waya fiye da daga bakin mai niyyar.