Bazazzagi, Kyamara Za Ka Saya Ko Digiri Za Ka Rubuta?

Malam na Samaru, bawan Kanawa, ina gaisuwa, duk da dai kai ya kamata ka hau mota ka zo ka durƙusa ka kwashe ta. Labari ya iso mana cewa tun kafin azumi kake shawarar sayen kyamara ta hannu, irin mai madubi a ciki da ake sauya wa lensi, wadda ake kira DSLR. Ga shi an yi layya, an cinye soye har an kankare tukunya, kai ba ka saya ba, ba ka kuma haƙura ba. An ce har littafi mai bango mai tauri ka tanada, ka ja layi a tsakiya, Canon a dama, Nikon a hagu, kana ba su maki. Ban yi mamaki ba. Wanda aka binne cibiyarsa a gindin jami'a, ko ƙosai zai saya sai ya ji ra'ayin masana. Da Bakano ne, da tuni ya taya, an ce albarka, ya ƙara, an sallama, ya sayar ya ci riba ya sayo wata.

To na tausaya maka, zan ba ka shawara kyauta. Ka rubuta ranar, domin ka san mu ba mu saba ba.

Bari mu fara da abin da ke hana ka barci, wai zamanin irin wannan kyamara ya wuce. Ya wuce mana, ai shi ya sa ta sauko inda albashinka zai kai. A 2003 Canon ya fitar da 300D, ya sayar da ita haɗe da lensinta a ƙasa da dala 1,000, abin da ya sa irin wannan kyamara ta shiga hannun malamin makaranta da ɗalibi bayan a da sai ƙwararru. Nikon ya biyo da nasa, irin su D40 a 2006, daga nan aka yi ta zubo su kusan kowace shekara: D3100, D3200, D3300, a Canon kuma 1100D, 600D, 1200D, 700D. A 2018 kamfanonin biyu suka fito da sababbin manyan kyamarorinsu marasa madubi, suka karkata can da ƙarfinsu, D3500 ta wannan shekarar ta zama autar ƙananan Nikon. Mutanen Turai da Amurka suka shiga rabuwa da tsofaffin, su ne suke sauka Legas a matsayin tokumbo, su gangaro har kantunanmu. Ita kyamarar ba wanda ya gaya mata an daina yayinta. Hoton da ta ɗauka a 2014 shi za ta ɗauka maka gobe, in dai lafiyarta ƙalau.

Sai zancen waya, wanda na ji an ce shi ne babi na biyu a bincikenka. Gaskiya ɗaya ce: in buƙatarka ita ce ka karkata hula ka ɗauki kanka a ƙofar ofis ka ɗora a WhatsApp, wayar da ke aljihunka ta fi maka. Ita take gyara haske, ta goge maka fuska, ta rage maka shekaru, aikin da a wurinka ba ƙarami ba ne. DSLR ba ta yi wa kowa wannan kara. Yadda Allah ya yi ka haka za ta fito da kai. Inda take tsere wa waya shi ne faɗin sensa, wato farantin da haske yake sauka a kai, wanda a waɗannan ƙananan ya kai kusan milimita 23 a tsawo da 15 a faɗi, ninkin-ba-ninkin na yawancin wayoyi. Sai kuma damar sauya lensi. Abu yana nesa, ko yana gudu, ko kana son mutum ya fito tas bayansa ya dushe, nan ne waya take fara kame-kame. Ka tsaya a bakin fada ranar hawan Daushe ka ja hoton mahayi da waya daga cikin turmutsutsu, ka dawo gida ka duba, ba za ka bambance doki da ƙurar da ya tayar ba.

Megafiksel kuwa, don Allah ka sauke shi daga kanka. Na san ku da son lamba mai yawa, shi ya sa kowane gida a Tudun Wada akwai mai jiran a kira shi dakta. 1100D mai 12 kacal ta isa a wanke hoto babba a sa a firam a rataye a falo. Mai 18 da mai 24 ba za ka ga bambancinsu a fuskar waya ba, balle bayan WhatsApp ya matse hoton ya tsotse shi.

Abin da ya cancanci wannan ƙwaƙwalwa taka shi ne lafiyar wadda za a miƙo maka, kuma a nan ne nake jin tsoron a yi maka sakiyar da ba ruwa, domin boko ba ya ciniki. Sayen kyamarar hannu sayen doki ne: ba a tambayar dillali shekarunsa, baki ake buɗewa a duba haƙora. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da yake buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma ƙananan nan galibi an ƙiyasta labulensu zai jure dannawa wajen 100,000. Wata tana wucewa, wata ba ta kaiwa, amma ƙidayar tana nan a rubuce a cikinta. A Nikon abin da sauƙi, kowane hoto yana ɗauke da lambar a cikin bayanansa, sai ka ɗauki ɗaya ka buɗe a kwamfuta. A Canon sai an jona ta da kwamfuta an sa manhajar da ke karantawa. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce. Wadda ta yi 90,000 ta ci bukukuwa, ta sha suna da walima da kamu, kuma komai ƙyallin jikinta kada ka biya mata kuɗin budurwa. In mai kaya ya ce wata tsohuwa ce a Landan take ɗaukar kyanwarta da ita sau ɗaya a shekara, ka yi murmushi, ka ce a kawo kwamfuta.

Daga nan ka cire lensin, ka kunna fitilar wayarka ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, babu lensin da ba shi da ita. Amma in ka hangi wani farin zare-zare ya yi rassa a jikin gilashin, fumfuna ce, ciwon kayan da suka daɗe a wuri mai laima, kuma tana cin gilashi. Ajiye musu abinsu. Ka mayar da lensin, ka matse ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farar takarda ko sararin sama, ka buɗe hoton ka zuƙo shi. Ɗigo-ɗigon da ka gani ƙurar sensa ce, ana gogewa. Dogon layi kuwa ƙarzuwa ce, wani gwani ya riga ka da tsumma, ba ta da magani mai araha. Ka ɗauki abu na kusa, ka ɗauki na nesa, ka ji ko fokas yana kamawa nan take ko yana ta kai-kawo. Ka danna kowane maɓalli, ka ɗaga filasha, ka sa memorinka ka ga ta karɓa. Ka duba batir da caja ko na asali ne, domin jabu sun cika gari, kuma a ƙasar da wuta take zuwa ziyara, batir ɗaya ba batir ba ne. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar. In wani yaro ya tare ka a bakin titi da kyamara ba caja, ba murfi, ba jaka, yana waige-waige, a farashin da ya faranta maka rai, ka tuna araha ba ta ado. Ban shirya zuwa beli ba, ga mai ya yi tsada.

Akwai kuma tarkunan da littafinka bai faɗa maka ba. Ƙananan Nikon, tun daga D40 har D3500, ba su da injin juya fokas a jikinsu, sai lensin da yake da nasa, irin wanda aka rubuta wa AF-S. In aka haɗa ka da tsohon lensi mai arha wanda ba shi da shi, da hannu za ka yi ta murzawa har amarya ta gaji ta tafi. D3400 da D3500, duk da sun fi sabunta, an cire musu ramin makirfo, alhali D3200 da D3300 suna da shi. Canon 4000D kuwa bakin da ake ɗaura lensi na roba ne, kuma an fitar da ita ba tare da ƙarfen tsakiyar nan na mazaunin filasha ba, don haka filasha mai arha ta kasuwa ba lalle ta yi aiki a kanta ba. Ka ga ke nan ƙanwa ba kullum take fin yaya ba. In kuma burinka ka ɗauki wa'azi ko lacca daga bismilla har fatiha, ka sani duk cikinsu babu mai wuce minti 30 a ɗauka ɗaya, D3100 ma a minti 10 take tsayawa. Laccar Bazazzagi kuwa a minti 30 ko godiya ga shugaban taro ba a gama ba.

Kuɗinka kada ka zuba su duka a gangar jiki. Lensin da ake haɗowa da ita, 18-55, ba laifi, zai koya maka aiki da rana. Amma ranar da ka ɗaura 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi arha a lensunan kowane kamfani, ranar za ka gane abin da ka saya: haske kaɗan ya ishe shi, fuska ta fito, tarkacen tsakar gida ya ɓace a baya. In dawakai kake so, ka nemi 55-200 na Nikon ko 55-250 na Canon. Tsohuwar kyamara da lensi mai kyau ta fi sabuwa da lensin banza, wannan ko a jami'arku ka kai shi ba mai kayar da ni. Kuma in ka tashi gwada dogon lensin, ka zo inda ake hawa, domin na Kano ne UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Na san amsar da ke bakinka, haɗiye ta.

Yanzu ga tambayar da ta fi duk waɗannan, wadda ba Canon ba Nikon a cikinta: za ka ɗauke ta kuwa? Da lensi da batir ta haura rabin kilo, ba ta shiga aljihun kaftani, kuma hunturunmu ba ya raga mata. Duk sauya lensi a fili gayyatar ƙura ce. Na san irinku. Sati biyun farko za a rataya ta a wuya a je ɗaurin aure, ana tafe ana gyara tabarau, murfin lensi ma ba a cire ba. A bar ta a kan oto, hoto ya fito dishi-dishi, a ce ai Kanawa ne suka cuce mu. Wata na uku tana saman kwaba a cikin jaka, batir ya mutu, yara suna wasa da igiyar. In haka za a yi, ka bar kuɗinka ka yi wa uwargida ɗinki, ka samu lada da miya mai nama. Abubuwa uku ne kacal za ka koya, faɗin ƙofar haske, saurin labule, da ƙarfin jin haske da ake kira ISO, kuma ba a koyon su a kan kujera. Abin kunya ne ma a ce mutumin garin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 yana jiran ɗan kasuwar Kwari ya yi masa bayanin haske da inuwa. Ga Kufena a bayan gidanku, ko da yake bai kai Dala daraja ba, ya isa a koyi hoto a kansa da hantsi da la'asar.

Ka kuma shirya zama mai hoton dangi na dindindin. Daga ranar da aka gan ka da ita, babu suna, babu sauka, babu kai amarya da ba za a kira ka ba, kuma ladanka Allah ya saka. In ko sana'a kake nufi, ka bi a hankali: ramin memori ɗaya ne da su, in katin ya lalace hotunan bikin mutane sun tafi, ba a kuma sake ɗaurin aure don mai hoto.

Hukuncina ga shi, tunda kai ba za ka iya yankewa ba. Ka saya. Ka nemi Nikon D3300, ko Canon 600D ko 700D in kana son allon da ake juyawa, wadda ƙidayarta ba ta yi nisa ba, mai batir da caja na asali. Ka rage kuɗin 50mm da batir na biyu da jaka mai rufuwa ruf. Tsakanin kamfanonin biyu kuwa, ka ɗauki irin wadda abokanka suke da ita, don ka samu mai ara maka lensi, tunda aro ba baƙonku ba ne.

Ranar Asabar ka shigo motar safe, ka zo da memori da kwamfutarka da kuɗi a hannu. Ni zan yi cinikin, kai aikinka ka yi shiru, kada ka yi Turanci ko kalma ɗaya, domin da an ji shi farashi zai tashi. La'adata kuma hoton farko, ina zaune kana tsugune.