Mu da Ciwon Gaɓɓai, Kafin Likita Ya Faɗi Sunansa

A layinmu idan mace ta ce ta tashi da safe yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, kafin azahar mun samo wa ciwon suna. Sanyi ne. Gwiwa ta kumbura, sanyi. Wuyan hannu ya riƙe, sanyi. Ƙugu ya ƙage, sanyi ne ya taru tun na jegon fari. Ba da mugun nufi muke faɗa ba. Sunan yana kwantar mana da hankali, don mun san abin da ake yi masa: a dafa ruwa, a nemo man zafi, a bar shan ruwan firji, a sa safa, a rufe taga idan hunturu ya shigo.

Abin da ya tayar da maganar a 'yan kwanakin nan shi ne halin da wata maƙwabciyarmu take ciki. Yaya muke ce mata. Tela ce, da kekenta take rufa wa kanta asiri, shekarunta ba su kai arba'in ba. Bayan haihuwarta ta ƙarshe da 'yan watanni sai wuyan hannuwanta biyu suka fara ciwo, gindin yatsu ya kumbura dama da hagu. Almakashi ya gagare ta. Zura zare a allura sai hantsi ya yi. Da ta je asibiti, likita ya duba ya ce yana zargin amosanin gaɓɓai ne irin wanda ake kira rumatoyid, ya rubuta gwajin jini, ya tura ta wurin ƙwararren likitan gaɓɓai, aka ba ta rana nan da wasu makonni. Yanzu jira take yi, kuma a cikin wannan jiran ne mu maƙwabta muke shigowa, kowa da abin da ya riƙo.

Gwaggo ce ta fara. "Ke 'yar nan, wankan jegonki ne bai yi ba. Na faɗa wa uwarki ruwan nan bai yi zafi ba." Matar gidan da ke kallon nasu ta ce, "Yaya, ki bari a kira wanzami ya kafa miki ƙaho, mataccen jini ne." Wata ta kawo man kaɗanya da ta haɗa da citta da kanumfari, wata ta kawo habbatussauda da man zaitun. Akwai wadda ta rage murya ta ce a dai bincika, don ɗinkin Yaya ya yi kasuwa a sallar da ta wuce, kuma ba kowa ne ya ji daɗi ba. Ƙanin mijinta kuwa bai tsaya magana ba, ya tafi kemis ya dawo da ƙulli a leda: ja ɗaya, fari biyu, ruwan ɗorawa ɗaya, a sha safe da dare.

Gwaggo ta ga wani abu na gaskiya, dalilin ne kawai ta ɗora a inda ba nan ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan ciwo yakan lafa wa mata da yawa lokacin da suke da ciki, ya taso ko ya fara bayan haihuwa. Amma ba ruwansa da zafin ruwan wanka. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa kan 'yar fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, kamar mai gadi da ya juya kan masu gida. Fatar ta kumbura, ruwa ya taru, idan abin ya daɗe ya fara cin guringuntsi da bakin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Ana samunsa a ƙasashen ƙanƙara, ana samunsa a Sakkwato tsakiyar bazara. Hunturu yana iya ƙara wa mai shi jin jiki, amma ba hunturu ne ya kawo shi ba.

Wannan suna na sanyi ya haɗa mana cututtuka da yawa a waje ɗaya. Ciwon gwiwar Inna, wanda yake ƙaruwa idan ta yi tafiya ya lafa idan ta zauna, zaizayewar gaɓa ce ta shekaru da nauyin jiki. Babban ɗan yatsan ƙafar Alhaji da yake kumbura cikin dare ɗaya har zanen rufa ba ya so ya taɓa shi, wannan gawut ne, wani gishiri ne yake taruwa a gaɓa. Ciwon ƙashin yaro mai sikila daban. Shi rumatoyid yana da nasa hali: ya fi son ƙananan gaɓɓan hannu da ƙafa, yana kama ɓangare biyu tare, kuma ya fi tsanani bayan an huta. Mai shi yakan tashi a sandare, ya ɗauki rabin awa ko awa ɗaya ko fiye kafin jiki ya saki, ga wata gajiya da barci ba ya kore ta.

A cikin abubuwan da muke yi, gashi ya fi komai burge ni, kuma likitoci ba su hana ba. Tsumma a ruwan ɗumi, ko a tsoma hannu a roba minti goma zuwa sha biyar da asuba, yana sassauta sandarewa. Alwala da ruwan ɗumi ta fi wa Yaya. Idan gaɓa ta kumbura ta ɗauki zafi, to tsumma mai sanyi ya fi dacewa da ita, duk da na san Gwaggo ba za ta so jin wannan ba. Man kaɗanya da man zafi a shafa a hankali, ba laifi. Abin da ba na so shi ne tausar ƙarfi da jan yatsu har su yi ƙara, da kai ta wurin maɗori ya ɗaure hannun da kara. Ba karaya ba ce. Gaɓar da aka ɗaure makonni ba ta motsi ƙara sandarewa take yi. Abin da take so shi ne motsi kaɗan-kaɗan kullum, a buɗe yatsu a rufe, a juya wuyan hannu, a ɗan taka a tsakar gida, a huta ranar da ciwon ya taso. Tsaga da sakiya a kan gaɓa mai kumburi kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta, kuma askar da ta bi jikin mutane da yawa tana iya kawo ciwon hanta, wanda shi kansa zai rikita maganin da za a ba ta nan gaba.

Ƙullin kemis ɗin nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Sau da yawa idan aka warware haɗi irin wannan za a tarar da diklofenak da ibufurofen da firoksikam a ciki, alhali dukkansu dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, ninka haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda yake yi, balle ga mai hawan jini, ko wadda take sha ba ta ci komai ba. Likita yana iya ba da guda ɗaya daga cikinsu, a sha bayan abinci, na ɗan lokaci, ko farasitamol a ƙa'idarsa. Ita kuwa 'yar ƙaramar farar ƙwayar da ke raka su, yawanci firedinisolon ce ko deksametazon, wadda 'yan mata suka sani a cikin haɗin ƙiba. Ita ce take sa mara lafiya ya kwana biyu ya tashi garau, mu kuma mu ce ai ga shi kemis ya fi asibiti.

Ba mu ne muka fara ruɗuwa da irin wannan magani ba. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata da rumatoyid ya kwantar allurar kotizon a asibitin Mayo, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba likitoci suka fara ganin kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi ga waɗanda suka daɗe suna sha da yawa. Har yau ana amfani da shi, amma da awo, da ranar farawa da ranar ragewa, a hannun wanda ya san aikinsa. Ga mai jiran likita kuma akwai wata ɓarnar: maganin yana ɓoye kumburin, yana sauke gwajin ESR da CRP waɗanda suke nuna ko jiki na kumburi daga ciki. Ta je ranar da aka ba ta, likita ya matsa yatsu bai ga komai ba. Wanda ya riga ya yi makonni yana sha kada ya yanke a rana ɗaya, yin haka haɗari ne; ya je ya faɗi gaskiya a rage masa a hankali. Haka ma garin magani da ake talla da lasifika a bakin kasuwa. A ƙasashe da dama an sha gwada irin waɗannan magunguna na ciwon gaɓɓai a tarar an zuba musu wannan sinadari a ɓoye. Duk garin da ya ɗauke ciwon watanni a dare ɗaya, ni ina zarginsa.

Na san jiran yana da cin rai. Likitocin gaɓɓai kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu a asibitocin koyarwa suke, mutum sai ya yi tafiya zuwa Kano ko Zariya ko wani babban gari. Kuɗin gwaji ma ba wasa ba ne. Shi ya sa idan sauƙi ya ɗan samu muke cewa, "Yaya, ki bar wahalar da kanki, ai kin warke." Wannan ita ce shawara mafi tsada da muke bayarwa. Ciwon yana tasowa yana lafawa, amma watannin farko su ne lokacin da magani ya fi tare ɓarna, kuma ƙashin da ya riga ya cinye ba ya dawowa. Tsofaffin da muke gani da yatsu a karkace sun kauce gefe guda, da yawansu haka aka yi ta ce musu sanyi ne. Ko sakamakon gwajin jini na RF da anti-CCP ya fito babu komai, ba a rufe magana ba, domin akwai masu ciwon da jininsu ba ya nunawa, akwai kuma masu RF da ba su da ciwon. Likita yana haɗa gwajin ne da abin da hannunsa ya taɓa da labarin da aka ba shi.

Labarin nan kuwa a lokacin jira ake tara shi. Babbar 'yar Yaya ta fara ɗaukar hoton yatsun da waya duk ranar da suka kumbura, tana rubuta a bayan littafin makaranta lokacin da uwar ta tashi da lokacin da hannun ya saki. Wannan aikin ya fi duk ƙulle-ƙullen da muka kai amfani. Sai dai akwai abubuwan da ba a jiran rana a kansu: gaɓa ɗaya ta yi ja ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko bayan gida ya koma baƙi, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya yi ja yana ciwo. Wannan asibiti ne a ranar.

Idan an tabbatar rumatoyid ne, akwai magani, kuma mutane da yawa suna komawa sana'arsu. Wanda aka fi farawa da shi metotireksat ne, sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin jini lokaci-lokaci. Akwai haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, akwai salfasalazin. Sukan ɗauki mako shida zuwa sha biyu kafin a ga aikinsu, don haka sai da haƙuri. Mai shayarwa irin maƙwabciyarmu, da mai ciki ko mai neman ciki, dole ta faɗa tun farko, domin metotireksat ba ya tafiya da ciki ko goyo. Likita zai zaɓa mata wani. Maganar nan da maigida ya kamata a yi ta, ba da ita kaɗai ba. Mazan layi masu sigari su ma su ji: hayaƙin taba yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo wannan ciwo, yana kuma rage ƙarfin maganinsa.

Akwai wani hali namu da ya fi ƙaho ciwo. Saboda da la'asar hannun Yaya ya saki tana iya ɗaukar kofi, sai a fara ƙus-ƙus: raki ne, son jiki ne, da safe ne kawai ba ta da lafiya lokacin aiki. Alhali yadda ciwon yake ke nan. Ta gaya mini abin da ya fi sa ta kuka ba zafin ba ne, ranar da ta kasa ɓalle maɓallin rigar jaririnta ce. Tana jin nauyin yin salla a zaune don kada a ce ta cika shagwaɓa, bayan malamai sun bayyana cewa wanda tsayuwa ko durƙuso ya gagare shi ya yi yadda zai iya. Tofi da addu'a muna yi mata, za mu ci gaba da yi, ba su hana zuwa asibiti ba. Zancen jifa kuwa na roƙi masu yi su bari. Yana raba zumunci, yana cinye kuɗin gwaji.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan ne matan layinmu suka fi ƙwarewa idan sun so. Ayyukan da ke azabtar da irin wannan hannu sanannu ne: matse wanki, jan guga, tuƙin tuwo, daka, ɗaukar tukunya da yatsu, tsuguno a bayan gida. Kowanne akwai mai iya karɓa. Tuni wata ta ɗauke mata wankin yara, wata tana tuƙa tuwon gida biyu a tukunya ɗaya, 'yan adashi sun matso mata da kwasarta gaba don ta biya gwaji, kafintan bakin titi ya yi mata 'yar kujera ta bayan gida. Wata yarinya da take koyon ɗinki a wurinta ita take yanka, Yaya tana nuna mata da baki.

Saboda haka duk wadda za ta shiga duba ta a makon nan, ta bar ƙullin magani a gida, ta tambaye ta wane aiki ne ya rage ba a yi ba. Ranar asibiti kuma a samu mai raka ta, a tafi da takardun gwaji da hotunan nan, a zuba duk abin da ta sha a jaka ɗaya, na kemis da na gargajiya, a ajiye wa likita a kan tebur ba tare da an ɓoye ko ɗaya ba.